Sabon Injin Fetur na Ƙaramin Jirgin Sama: Horo, Saiti da Inda Ake Samun Saɓani

Duk wanda ya sayi sabon injin fetur don ya ɗaura wa ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot, tun kafin ya ɗiga masa mai zai sha shawarwari masu cin karo da juna. Wannan ya ce a ɗaure injin a benci ya yi ta kuka har ya shanye galan biyu, wancan ya ce asarar mai ce kawai, a ɗora shi a jirgi a tashi. Wani ya ce a sakar masa fetur har ya riƙa turnuƙe wuri da hayaƙi, wani ya ce hayaƙin nan shi ne ajalinsa. Kowanne kuwa yana da injin da zai nuna maka, ya ce ga shi nan shekara da shekaru bai taɓa ba shi kunya ba.

Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne, yawancin shawarwarin nan gaskiya ne, sai dai gaskiyarsu ta wani irin inji ce daban. An gaje su daga zamanin injinan metanol, wasu kuma daga yadda ake lallaɓa sabon babur, aka kwaso su aka jibga wa injin fetur ba tare da an tambayi dalilinsu ba. Da mutum zai san abin da ke gudana a cikin silinda da kafireto, da shi da kansa zai tsince wadda ta dace da injinsa.

## Wane inji ake nufi?

Ban da masu aiki da batir, waɗanda su ne suka cika kasuwa a yau, injinan fistin da ake ɗaura wa ƙananan jirage manyan kashi biyu ne. Na farko yana shan metanol, wani sinadari ɗan'uwan sifirit, wanda ake gauraya shi da naitirometen da mai mai yawa. Ba ya amfani da tartsatsi. A cikin fuloginsa akwai siririyar waya mai filatinam da ake sa wa batir ta yi ja lokacin tayarwa, daga nan ta ci gaba da riƙe zafinta muddin injin yana aiki. Na biyu shi ne wanda muke magana a kai: fetur na gidan mai yake sha, fuloginsa kuma tartsatsi yake fitarwa kamar na babur. Amurkawa kan ce masa injin gas, domin a bakinsu fetur shi ne gas. Babu abin da ya haɗa shi da iskar gas ta girki.

Ana auna girmansa da cc, wato girman gurbin da fistin ke sharewa a tafiya ɗaya. Akwai daga mai cc 10 har zuwa wanda ya haura 200. Mai cc 50, wanda ya yi farin jini ƙwarai, yakan ɗauki jirgin da faɗin fikafikansa ya ɗan wuce mita biyu, nauyinsa kilo bakwai zuwa takwas. Saboda haka kalmar ƙarami kada ta yaudari mai karatu.

Mafi yawansu masu bugu biyu ne: duk hawa da saukar fistin sau ɗaya wuta na kamawa sau ɗaya. Danginsu ɗaya da ƙaramin janareta da injin zarton yankan itace. Ba su da wurin ajiyar baƙin mai, a cikin fetur ake zuba musu shi, ya bi ya shafe sassan injin sannan ya ƙone ya fita ta salansa.

Horo, abin da makanikai ke kira ronin, shi ne aikin farko da ake sa sabon inji har sassansa su zauna da juna. Saiti kuwa daidaita yawan fetur ne da yawan iskar da injin ke zuƙa. Idan fetur ya yi yawa a haɗin, a nan za mu ce injin ya ƙoshi. Idan iska ta rinjayi fetur, mu ce yana jin yunwa. Kusan duk batun saiti a tsakanin waɗannan biyun yake.

## Inda ruɗanin ya samo asali

Da fetur aka fara wannan harka. A farkon shekarun 1930 wani matashi a Filadelfiya ta Amurka, Bill Brown, ya ƙera ɗan injin da aka sani da Brown Junior, abokinsa Maxwell Bassett kuma ya lashe gasar ƙasa da shi a 1933, a lokacin da sauran 'yan takara da murɗaɗɗiyar roba suke juya farfela. Amma batir da kwayil na wancan zamani suna da nauyi, ga yawan ba da matsala. Da Ray Arden ya fito da fulogin metanol kasuwa a 1947, cikin 'yan shekaru kusan kowa ya koma can.

Fetur bai dawo da ƙarfinsa ba sai a shekarun 1970, da masu sha'awar manyan jirage suka soma ɗaukar injin zarto suna gyara shi. Quadra ta Kanada da Zenoah ta Japan ta wannan hanya suka yi suna. Daga baya aka sami kamfanonin da ke ƙera injin musamman don jirgi, irin su Desert Aircraft da ke Tucson a jihar Arizona, da 3W ta Jamus, da DLE ta Sin wadda ta karya farashi. Hatta O.S. da Saito na Japan, tsofaffin gwanayen metanol, sun shigo sahu.

Ma'ana dai, dattawan wannan harka a kan metanol suka koyi komai, su kuma suka koyar da na baya. Ga shi kuwa halayen man biyu sun yi hannun riga. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone sarai yana bukatar kusan giram 14.7 na iska, metanol kuwa kusan 6.5 ya ishe shi. Ke nan feturin da ke bi ta kafireto bai kai rabin metanol ɗin da zai bi ba, don haka ɗan motsin allura da injin metanol ba zai ma ji ba, na fetur zai sauya masa hali ɗungurungum. Sannan metanol yana kwashe zafi mai yawa yayin da yake zama tururi, yana sanyaya inji daga ciki. Fetur ba ya yin haka sosai, dole injinsa ya dogara da iskar da ke kaɗa haƙarƙarin silinda. Ta fuskar mai ma, haɗin metanol yakan ƙunshi kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari, na fetur kuwa biyu zuwa uku, domin sandar fistin ɗinsa a kan boris take juyawa, ba a kan bushin na tagulla ba.

## Me ke faruwa a cikin silinda lokacin horo?

Babban aikin horo a wuri ɗaya yake: tsakanin ringin fistin da bangon silinda. Sabuwar silinda ba sumul take ba. A masana'anta da gangan ake bar mata 'yan siraran zane masu gicciye da juna, su riƙe mai, su kuma goge gefen ringi a hankali har ya dace da bangon ya toshe duk wata kafa. Abin da ke matse ringin a bango ba taurinsa kaɗai ba ne. Ƙarfin wutar da ta kama a saman fistin yana kutsawa ta bayansa ya tura shi waje. Idan ƙarfin ya yi kaɗan, gugar ma kaɗan ce.

Nan ne mai lallaɓa inji yake yin kuskure. Wanda ya bar sabon inji a silo na sa'o'i don tausayi, bai ba ringin nauyin da zai zaunar da shi ba, sai dai ƙonannen mai da kunkunniya su cike zanen su yi masa sulɓi. Inji na bukatar aiki na gaske, amma a gutsuttsure: a ba shi wuta, a sassauta, a sake ba shi, ya yi zafi, a kashe shi ya huce sarai, sannan a maimaita. Wannan zafi da hucewa shi ke sa alminiyon ya buɗe ya tsuke har ya zauna da siffarsa. Tun da kuma sabon inji gugarsa ta fi yawa, zafinsa ma ya fi, shi ya sa ake ɗan ƙosar da shi, ake kuma kula da iskar da ke sanyaya shi.

Kalmar ɗan tana da muhimmanci a nan. Injin metanol mai ringi ana horar da shi cikin ƙoshi na fitar hankali, yana tofar da mai yana ɓaɓatu, kuma hakan ba ya cutar da shi. Wani nau'in na metanol marar ringi, wanda ake kira ABC, akasin haka yake so: a bar shi ya yi zafi da wuri domin silindarsa a tsuke take daga sama, sai ta buɗe fistin ke wucewa lafiya. To ka ga ko a gidan metanol dokoki biyu ne masu saɓa wa juna. Idan aka yi wa injin fetur irin ƙoshin farkon, kunkunniya ce za ta rufe fulogi, ta cika ramin da ringi ke zaune har ya maƙale, injin da ake tattali ya rasa matsinsa tun bai je ko'ina ba.

Horo ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Bangon silindar waɗannan injina galibi an lulluɓe shi da kurom ko Nikasil, masu tsananin tauri, saboda haka ringi kan ɗauki galan da dama kafin ya gama zama, galan na Amurka kuwa lita 3.8 ne. Alamomin a bayyane suke ga mai lura: matsi yana ƙaruwa idan aka juya farfela da hannu, silo yana sauka ya tsaya cak ba rawa, juyin ƙarshe yana ƙaruwa da 'yan ɗaruruwa a minti, baƙin dattin da salansa ke fesa wa cikin jirgi kuma yana raguwa.

## Benci ko sararin sama?

Masu goyon bayan benci suna da hujja. A ƙasa ne ake ganin inda mai ke yoyo, da notin da girgiza ta kwance, da injin da ke mutuwa ba dalili. Jirgin da aka kashe wa kuɗi masu kauri da watanni na aiki, in injinsa ya mutu yana cikin tashi daga ƙasa, sai dai a je a tattaro itace. Su a wurinsu fetur ɗin da aka ƙona a benci kuɗin rigakafi ne.

Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke, a tsaye inji ba ya samun isasshiyar iska. Tsakiyar farfela, inda silinda take, ba ta hura iskar kirki. A sama kuwa iska na ratsa shi, nauyin da ke kansa yana sauyawa da kansa tsakanin hawa da gangara, wanda shi ne ainihin abin da ringi ke bukata. Suna kuma nuna cewa benci mai tauri ba ya shanye girgiza yadda jikin jirgi ke yi.

A ganina kowanne ya kama wani yanki na gaskiya, amma na biyun ya fi rinjaye. Aikin ƙasa shi ne tabbatar da cewa injin amintacce ne: yana tashi, yana riƙe silo, yana karɓar totur ba tuntuɓe. Tanki ɗaya ko biyu, a gudu gajeru da hutu a tsakani, sun wadatar. Sauran horon na sama ne. A tashin farko a yi nisa da ƙasa amma kada a yi nisa da fili, a riƙa sauya totur, a guji doguwar hawa a miƙe da tsayar da jirgi a iska yana rataye da farfela, domin a nan ne inji ke aiki mafi nauyi da iska mafi ƙaranci. Wasu kan cire murfin hancin jirgin a tashin farko don iska ta wadata, kuma dabara ce mai kyau.

## Rigimar baƙin mai

Lambobin da ake rubutawa, irin su 32:1, suna nufin kashi 32 na fetur da kashi ɗaya na mai. A lita ɗaya, 50:1 mililita 20 ke nan, 40:1 mililita 25, 30:1 kimanin 33, 20:1 kuma 50. DLE ta saba ba da shawarar 30:1. Desert Aircraft ta daɗe tana cewa a yi horo da man da aka tace daga ɗanyen mai a kan 32:1, sannan a koma man haɗin sinadarai a kan 40:1 ko 50:1 gwargwadon irinsa. Injinan fetur na Saito masu bugu huɗu kuwa 20:1 suke so, haka wasu ƙanana ƙwarai, saboda yadda aka gina cikinsu. Wanda ya ga maƙwabcinsa na zuba 50:1 ya kwaikwaya a irin wannan inji, ya shirya sayen wani.

Inda ake ja-in-ja shi ne ko lalle sai an fara da man da aka tace. Masu cewa e suna ganin man haɗin sinadarai ya cika santsi, yana jinkirta zaman ringi. Masu cewa a'a suna nuna cewa ya fi ƙonewa da tsabta, kuma injina masu yawa an horar da su da shi tun daga ranar farko, sai dai a ce horon ya ɗan ƙara tsawo. Duka hanyoyin biyu suna kai mutum gida. Wanda ya ƙera injin shi ya san ƙarfen da ya zuba, shi kuma zai karɓi ƙorafi idan ya lalace, don haka takardarsa ita ce alƙali.

Abu biyu ne babu saɓani a kansu. Na farko, ƙara mai fiye da ƙima ba ya nufin inji ya ƙoshi. Mai yana cin gurbin fetur ne a cikin abin da ke wucewa ta allura, ya kuma ƙara masa kauri, ta yadda injin zai ɗan karkata ga yunwa. Duk wanda ya sauya ma'auni sai ya sake duba saiti. Na biyu, baƙin man mota ba na wannan aiki ba ne. Al'adar tsiyaya shi a tankin ƙaramin janareta ta zama ruwan dare a garuruwanmu, janareta kuma ya yi ta haƙuri, amma an yi man mota ne don ya zauna a cikin inji, ba don ya ƙone ba, kuma tokar da yake bari ita ce ke liƙe ringi. Man 2T ake nema, na injin da iska ke sanyayawa, in da hali mai ɗauke da shaidar JASO FD, matakin ƙoli a ma'aunin Japan.

## Allurai biyu

Kafireton da ke kan mafi yawan waɗannan injina na Walbro ne ko mai kama da shi, irin na injin zarto. Ba shi da kofin mai kamar na babur. Tantanin roba biyu ne ke aiki a ciki: ɗaya famfo ne, bugun iskar cikin injin ke motsa shi ya jawo fetur daga tanki, ɗayan kuma shi ke auna abin da zai shiga. Shi ya sa jirgi zai kifa ko ya yi adungure injin bai ɗauke ba.

A gefensa akwai kusoshi biyu masu tsini, su ake kira allurai. Mai alamar L, wadda ta fi kusa da jikin injin, ita ke kula da silo da karɓar totur. Mai alamar H ta babban gudu ce. Murɗawa yadda hannun agogo ke tafiya rufewa ce, wato rage fetur. Kamfani kan aiko da su a buɗe da kimanin juyi ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga rufe, kuma ya kamata a fara daga inda aka same su. Wanda zai ƙirga juyin da kansa ya rufe a hankali, da zarar ta taɓa ƙasa ya tsaya, domin matsawa na ɓata tsinin da mazauninsa, daga nan kuma saiti ya zama tarihi.

Ga yadda ake yi. A tayar da inji ya ɗumama na minti biyu ko uku, saboda inji mai sanyi ƙarya yake faɗa. A buɗe totur gaba ɗaya a auna juyi da takomita, na'urar da ke ƙirga juyin farfela a minti. Mai cc 50 da farfela mai inci 22 zai ba da kusan 7,000. A kashe inji, a rufe H da ɗan kaɗan, kamar kaurin bakin sukundireba, a sake tayarwa a auna. Muddin lamba na hawa a ci gaba. Da zarar ta daina hawa an kai ƙololuwa, sai a koma baya har juyi ya ragu da 100 zuwa 200, ga sabon inji ma a fi karkata ga 200. Dalilin wannan rarar shi ne, a sama farfela na samun sauƙi, juyi na ƙaruwa, injin kuma yana neman fetur fiye da yadda ya nema a ƙasa. Wanda ya tashi a kan ƙololuwa da yunwa zai yi shawagi.

Sai L. A bar injin a silo, wajen juyi 1,500 ga mai cc 50, na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, sannan a buɗe totur farat ɗaya a kasa kunne. In ya yi kamar numfashinsa ya ɗauke, ya yi jim ko ya mutu nan take, yunwa ce, a buɗe. In ya yi ta tari da hayaƙi kafin ya tattara ƙarfi ya hau, ƙoshi ne, a rufe kaɗan. Abin da sababbin shiga ke mantawa shi ne, feturin L bai daina zuba ba ko da an kai babban gudu, saboda haka duk taɓa L sai an koma an duba H. Sau biyu ko uku ana wannan kai-kawo kafin su daidaita.

Akwai wata 'yar gargada da kan fito a tsakiyar totur wadda ke hana mutane barci. Asalinta, wannan kafireto an yi shi ne don zarto, shi kuwa zarto ko dai yana silo ko yana gudun ƙarshe, babu allura ta uku don tsakiya. Ana iya rage gargadar, amma wanda ya dage sai ya kashe ta ƙurmus ta hanyar matse L yakan wayi gari da injin da ke mutuwa a daidai lokacin sauka. Haɗarin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Ƙoshi yana ɓata fulogi ya rage ƙarfi. Yunwa kuwa tana rage fetur da mai a lokaci guda, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya kama bango. Idan aka riƙe babban gudu aka ji juyi ya hau sannan ya soma zubewa, a sauke totur nan take. Fulogi ma shaida ne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai danshi ƙoshi, fari fat yunwa.

## Laifin da ba na allura ba

Injin fetur da aka saita daidai yakan yi watanni ba a taɓa allurarsa ba, saɓanin na metanol da ake murɗawa kusan duk fita. Idan ya sauya hali dare ɗaya, allura ba ta murɗa kanta ba, a nemi dalili a wani wuri.

Tiyon silikon na metanol kumbura yake yi a cikin fetur, sai an yi amfani da Tygon ko Viton, su ma na cikin tanki suna ƙandarewa da daɗewa har su daina bin mai idan jirgi ya juya. A cikin kafireto akwai 'yar rariya da ba ta kai ƙwayar wake ba, in ta toshe alamun yunwa sak za a gani. Haka idan iska na satar shiga ta gaskit ɗin da ke ƙarƙashin kafireto. Tantanin roba yana bushewa idan inji ya daɗe a ajiye. Batirin wuta mai rauni kuwa yana kawo tsallen wuta a babban gudu, mutum ya yi ta zargin H a banza. Fulogin da aka fi samu a waɗannan injina shi ne NGK CM-6, tazarar bakinsa kusan rabin milimita, lokacin kama wuta kuma kamfani ya riga ya saita shi wajen digiri 28 zuwa 30 kafin fistin ya kai ƙarshen hawa, ba wurin gwaje-gwaje ba ne.

Idan inji lafiya lau a ƙasa amma ya rikice a sama, sau da yawa murfin hanci ne. Iskar da ke cunkushewa a ciki tana danna tantanin awo ta 'yar hudar da ke murfinsa, ta sauya yawan feturin da ke shiga. Maganin da aka saba shi ne a jona tiyo a hudar a kai bakinsa cikin jirgi inda iska ke kwance. Kuma ƙofar fitar iska daga murfin ta ninka ta shiga sau biyu zuwa uku, in ba haka ba zafi a ciki zai taru.

## Yanayinmu da man da muke samu

Iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da nauyi, abin da inji ke zuƙa kaɗan ne, sai ya karkata ga ƙoshi. Ƙarfinsa ma yana raguwa da kusan kashi uku cikin ɗari a duk mita 300 na tsawo. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Injin da aka saita a Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200, idan aka sauko da shi Legas zai tarar da iska mai nauyi ya shiga yunwa. Haka wanda aka saita da tsakar ranar Afrilu a Kano ko Maraɗi aka fito da shi da sanyin safiyar Janairu. Daga zafi zuwa sanyi, daga tudu zuwa kwari, buɗe allura ake yi.

Ƙura kuwa, yawancin waɗannan injina ba su da matatar iska. A lokacin hunturu, ko a filin da farfela ke tayar da rairayi, abin da injin ke haɗiya yana cin ringi da bango. Horo a ƙasa gara a yi shi kan siminti ko ciyawa. Fetur ma a saye shi a gidan mai amintacce, a tace kafin a zuba, a haɗa daidai abin da za a ƙarar cikin 'yan makonni. Na 'yan bumburutu ba a san abin da aka gauraya masa ba. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima cikin Najeriya har masu motoci suka koka. Irin wannan mai yana lalata tantanin kafireto da tiyo.

## Kafin a juya farfela

Farfela mai inci 22 a juyi 7,000, bakinta yana gudun da ya haura kilomita 700 a sa'a. Ba a saita allura inji na kunne. Ana tayarwa da sanda mai roba ko safar hannu mai kauri, jirgi a ɗaure, babu kowa a gaba ko a gefen farfela. Notocinta a riƙa duba su, musamman ta katako da ke lotsawa. A gwada nisan da rimot ke kaiwa inji yana aiki, domin tartsatsi na iya rikita saƙo. A Najeriya kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka a bincika ƙa'ida kafin a fita fili.

Mai karatu da ke shirin tayar da sabon injinsa, kada ka zuba feturin farko sai ka tabbatar kana iya kashe wutar injin daga rimot, kuma akwai mutum na biyu riƙe da jirgin.